Kimiyya da Fasaha: Yadda ake auna girman filin da ba shi da kan gado

 A yau shirin zai duba wani lissafi ne da ya shafi aljihun duk mai niyyar sayen fili ko gona ko kama hayar sito, wato yadda ake gano girman wurin da gefunansa suka karkace.

Za mu fara ne daga birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda 'yan kasuwarmu da dama ke zuwa saro kaya. A kusa da yankin Jebel Ali da filin jirgin sama na Al Maktoum akwai wata makekiyar unguwa mai suna Dubai Investments Park, wadda aka kafa a shekarar 1997, aka kuma kasa ta zuwa ɓangaren masana'antu da na kasuwanci da na gidajen zama. Girmanta ya kai hekta 2,300, wato murabba'in kilomita 23 ke nan. To amma idan ka dubi taswirar wurin, za ka ga iyakarsa ta bi manyan tituna ne, nan ta miƙe can ta lanƙwasa. Shin ta yaya ake samun adadi ɗaya tak daga irin wannan siffa? Amsar ita ce, a yayyanka wurin zuwa ƙananan siffofi da aka san lissafinsu, sannan a tara.

Alal misali, a ce ka samu sito a wannan unguwa, tsawonsa mita 40, faɗinsa mita 30, amma a wata kusurwa ginin ya shiga ciki da mita 10 a tsawo da mita 15 a faɗi. Idan ka ninka 40 sau 30 za ka samu murabba'in mita 1,200, sai ka ɗebe kusurwar da babu ita, wato 10 sau 15, wanda ya ba da 150. Saura 1,050. Kana kuma iya bi ta wata hanyar, ka raba siton gida biyu, ɗaya 30 sau 30, ɗayan kuma 10 sau 15, ka tara 900 da 150, ka sake komawa kan 1,050. In amsoshin biyu suka zo ɗaya, to lissafinka ya yi daidai. A Dubai da murabba'in ƙafa ake yanka kuɗin hayar sito, kuma wannan kusurwa kaɗai ta haura murabba'in ƙafa 1,600. Wanda bai ɗebe ta ba, kowace shekara zai riƙa biyan hayar wurin da babu shi.

To sai dai kuma a gida Najeriya da Nijar matsalar da aka fi fuskanta daban ce. Fili ne mai gefe huɗu, amma kowane gefe da tsawonsa. Abin da wasu kan yi shi ne su haɗa gaba da baya su raba biyu, su haɗa dama da hagu su raba biyu, sannan su ninka. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, domin an same ta a rubuce jikin bangon wurin bauta na Edfu a ƙasar Masar, inda aka lissafa gonaki da ita fiye da shekaru 2,000 da suka wuce. Aibinta shi ne, muddin kusurwoyin filin huɗu ba su tsaya cak kamar na ɗaki ba, amsar da take bayarwa kullum ta fi gaskiya yawa, kuma mai saye ne ke kwana ciki.

Ga misali. Fili ne gabansa mita 30, bayansa mita 50, damansa mita 40, hagunsa mita 60. Da waccan dabara za a samu 40 sau 50, wato murabba'in mita 2,000. Yanzu sai ka ja igiyar awo daga inda gaba ya haɗu da hagu, ka ratsa tsakiyar filin zuwa inda dama ya haɗu da baya. A ce ka samu mita 50. Ka ga filin ya koma alwatika biyu, wato siffa mai kusurwa uku, ɗaya gefunanta 30 da 40 da 50, ɗayar kuma 50 da 50 da 60.

A nan ne za mu nemi taimakon Heron, wani masanin lissafi da ya rayu a birnin Iskandariyya a ƙarni na farko miladiyya. Ƙa'idarsa ita ce, ka tara gefuna ukun ka raba biyu. A alwatika ta farko za ka samu 60. Daga wannan 60 sai ka ɗebe kowane gefe ɗaya bayan ɗaya, ka samu 30 da 20 da 10. Ninka 60 sau 30 sau 20 sau 10 ya ba ka 360,000. Sai ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi, ita ce 600, kuma na'urar lissafi ta wayar salularka za ta fitar maka da ita nan take. Ka bi wannan hanya a alwatika ta biyu, za ka samu 1,200. Jimla 1,800. Ashe an yi maka ƙarin murabba'in mita 200 na iska, abin da ya doshi rabin fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100.

Ina kuma batun gonar da iyakarta ta bi gaɓar rafi? Nan sai a zana ta bisa ma'auni a kan takarda mai gida-gida, a ƙirga gidajen da suka cika, a haɗa da waɗanda suka kai rabi ko fiye, a bar waɗanda ba su kai ba. Gwargwadon ƙanƙantar gidajen, gwargwadon kusantar gaskiya.

A yau ma'aikatan safiyo, a Dubai ne ko a Kano, da na'urar GPS suke ɗaukar matsayin kowace kusurwa, kwamfuta ta yi sauran aikin. Amma tushen lissafin bai sauya ba, yankawa ne da tarawa. Saboda haka mai sauraro, kafin ka biya kuɗin fili, kada ka tsaya kan awon gefuna huɗu kawai, ka nemi a auna maka layin da ya ratsa tsakiya, in kuma da hali ka ɗauko ma'aikacin safiyo mai rajista.

Da haka muka kawo ƙarshen shirin na wannan mako, sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.