Kafin ɗan sanda ya ɗana kunamar bindiga: abin da ya kamata ku sani

Wata rana a watan Nuwamba na 2015, wani mutum ya shiga shagon sayar da soyayyen kaza a birnin Camden na jihar New Jersey a Amurka, riƙe da wuƙa. Ya tsorata masu cin abinci, sannan ya fito titi yana kaɗa ta a iska. 'Yan sanda suka iso. A birane da yawa na ƙasar an san yadda irin wannan labari yake ƙarewa: a daka masa tsawa ya yar da wuƙar, ya ƙi, ya ɗan matso, a buɗe masa wuta, daga baya a ce ba a karya doka ba. Na Camden sai suka yi masa ƙawanya daga nesa, wasu a gaba suna kawar da masu tafiya a ƙafa, wasu suna tare motoci. Yana tafe suna tafe a kan titin Broadway, kamar masu yi wa baƙo rakiya, suna yi masa magana. Sun gwada bindigar lantarki mai sandarar da jiki, ba ta yi aiki ba. Suka ci gaba da binsa har suka samu damar kama shi, babu harsashi ko ɗaya da ya tashi.

Wannan shi ne abin da masu neman gyara aikin 'yan sanda suke nufi da kwantar da tarzoma kafin ta yi zafi: a ja da baya, a samu abin fakewa, a kira ƙarin jami'ai, a bar mutum ɗaya ya yi magana maimakon biyar su yi ta ihu lokaci guda. Duk daƙiƙar da aka ƙara, dama ce ta ceton rai.

Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya irin ta Najeriya. Hukumomin 'yan sanda a can sun kai kusan 18,000, na birane da gundumomi da jihohi, kuma kusan kowacce ita ke rubuta wa kanta ƙa'idar amfani da ƙarfi. Shi ya sa abin da aka haramta a wannan birni yana iya zama halal a maƙwabcinsa. Daga 2015 zuwa 2024 jaridar Washington Post ta ƙirga waɗanda 'yan sanda suka harbe har lahira, kuma adadin ya riƙa kaiwa kimanin mutum 1,000 a kowace shekara. Kusan ɗaya cikin biyar na da alamun taɓin hankali. Baƙaƙen fata kuwa, in aka yi la'akari da yawansu a ƙasar, ana kashe su fiye da ninki biyu na yadda ake kashe fararen fata.

Iyakar da kotu ta gindaya ba ta da tsauri. A 1985 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan wani yaro ɗan shekara 15 da aka harbe a Memphis yana ƙoƙarin tsallake shinge, ta ce ba a harbin mai gudu sai in yana barazana ga rayukan mutane. A 1989, a shari'ar Graham da Connor, ta ce ma'aunin shi ne ko ɗan sanda mai hankali da ke wurin zai ga abin da aka yi ya dace, ba abin da za a gano daga baya a cikin ofis ba. Akwai hikima a nan, domin jami'i yakan yanke shawara cikin ƙiftawar ido. Sai dai ma'aunin ya bar babbar tambaya a buɗe: wa ya kai al'amarin ga wannan ƙiftawar idon? In ɗan sanda ya ruga ya tsaya gaba da gaba da mai wuƙa alhali akwai mota da zai fake a bayanta, shi ya ƙuntata wa kansa lokaci. Ga kuma wata koyarwa da ta samo asali daga gwajin da wani jami'i mai suna Dennis Tueller ya wallafa a 1983, cewa mai wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21, wato mita 6 da ɗoriya, kafin a zaro bindiga a harba. Darasin da ya kamata a ɗauka shi ne a ba da tazara. Jami'ai da yawa sai suka ɗauke shi a matsayin izinin harbin duk wanda ya shigo cikin wannan tazarar.

Camden ba ta fara gyara daga wuri mai daɗi ba. Birni ne mai mutane kusan 77,000 a lokacin, talauci ya yi masa katutu. A 2011 rashin kuɗi ya sa aka sallami kusan rabin 'yan sandansa, a 2012 aka kashe mutum 67. A watan Mayu na 2013 aka rushe rundunar birnin, aka kafa sabuwa a ƙarƙashin gunduma, da Scott Thomson a matsayin shugaba. Farkon abin bai yi kyau ba: sababbin jami'ai suka duƙufa rubuta tara kan ƙananan laifuka irin su gilashin mota mai duhu da keke marar ƙararrawa, ƙorafin cin zali ya kai 65 a 2014. Matsin lamba daga mazauna birnin da ƙungiyoyin kare haƙƙi da 'yan jarida ne ya sa aka sauya hanya.

A watan Agusta na 2019 rundunar ta fitar da sabuwar ƙa'ida mai shafi 18, wadda ta rubuta tare da masana shari'a na Jami'ar New York. Ta ce ba a amfani da ƙarfi sai in babu wata hanya, kuma ya zama daidai da girman barazanar, a daina da zarar barazanar ta kau. Harbi shi ne mataki na ƙarshe. Jami'in da ya ga abokin aikinsa yana wuce gona da iri, wajibi ne ya hana shi kuma ya kai rahoto, in ya yi shiru shi ma ya shiga laifi. Wanda aka ji wa rauni, a ba shi agaji nan take. A Camden ma 'yan sanda kan ɗauki wanda aka harba a motarsu su garzaya asibiti ba tare da jiran motar asibiti ba. A 2019 ƙorafin cin zali ya sauko zuwa 3, kisan kai zuwa 25. Ba za a ce ƙa'idar ce kaɗai ta kawo haka ba, domin an ƙara yawan jami'ai a titi, an kuma zuba kuɗi da na'urorin sa ido. Har yau akwai mazauna birnin da ke kukan cewa yawancin jami'an ba 'yan garin ba ne, kuma da sun samu horo sai su koma wasu garuruwa.

Babbar sukar da ake yi wa wannan tsari tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Bindigogin da ke hannun jama'a a Amurka sun fi yawan mutanen ƙasar, kuma ƙungiyoyin 'yan sanda suna cewa jami'in da aka koya wa jinkiri shi za a kai makabarta. Amsar ita ce, ba don mai bindiga da ke ɓarin wuta aka tsara horon kwantar da tarzoma ba. An tsara shi ne don mai wuƙa ko sanda ko dutse, da wanda hankalinsa ya gushe, da mai neman a kashe shi. Shugabannin 'yan sandan Amurka sun je Sikotilan a 2015 suka ga yadda jami'ai marasa bindiga suke kama masu wuƙa, daga nan cibiyar bincike ta PERF ta fitar da horon da ake kira ICAT a 2016. Da masu bincike na Jami'ar Cincinnati suka auna shi a birnin Louisville, sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100, raunin farar hula da kashi 26, raunin jami'ai da kashi 36. Wato su kansu 'yan sandan sun fi cin moriyarsa.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Rundunar New York ta haramta shaƙe wuya tun 1993, duk da haka shaƙa ce ta yi ajalin Eric Garner a 2014. Minneapolis ta rubuta wajibcin hana abokin aiki zalunci tun 2016, amma ranar 25 ga Mayu, 2020, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9, wasu jami'ai uku suna wurin, babu wanda ya ture shi. Biyu daga cikinsu sababbin shiga ne, Chauvin kuwa ya shekara 19 a aiki. Nan ne wahalar take. Ƙaramin jami'i ba zai kama hannun na gaba da shi ba sai ya tabbata hukuma za ta tsaya masa, kuma ba zai tabbata ba sai ya ga an taɓa hukunta wanda ya yi shiru. A ganina, duk mai son sanin ko birni da gaske yake, kada ya tsaya ga karanta takardar. Ya tambaya: wa ke duba bidiyon kyamarar da jami'i ke maƙalawa a ƙirji bayan kowane amfani da ƙarfi, kuma cikin kwana nawa? Ana buga alƙaluman jama'a su gani? Ana yaba wa jami'in da ya kama mutum da rai kamar yadda ake yaba wa wanda ya yi artabu?

Jihar New Jersey ta ɗauki yawancin abin da Camden ta yi ta mai da shi ƙa'idar dukan 'yan sandanta a watan Disamba na 2020, karo na farko da aka sake ta cikin shekara 20. A matakin tarayya kuwa abin ya ja baya. Dokar da aka sa wa sunan George Floyd ta wuce majalisar wakilai amma ta maƙale a majalisar dattawa, kuma a watan Mayu na 2025 Ma'aikatar Shari'a ta janye daga yarjejeniyar sa ido da aka shirya da Minneapolis da Louisville. Minneapolis na nan a ƙarƙashin wata yarjejeniya da ta ƙulla da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar Minnesota a 2023, wadda kotun jiha ke sa wa ido. Sauran birane kuwa, aikin ya koma hannun magajin gari da 'yan majalisar birni da shugaban 'yan sandan da suka naɗa.