Wutar Gari, Mallakar Gari: Yaya Ake Yi?

A shirinmu na daren Laraba wani mai sayar da ƙanƙara a kasuwar kan iyaka ya bugo waya ya ce, “Ƴar'uwa, wai gari zai iya mallakar wutarsa, ba sai ya jira kamfani ba?” To jama'a, amsar ita ce e, an yi a wasu wurare, amma da sharaɗi.

Mu fara da tsallaken iyaka. A Nuwamban 2013 gwamnatin Najeriya ta fara miƙa rarraba wutar lantarki ga kamfanoni 11 na ƴan kasuwa, kowanne da yankinsa. KEDCO ke riƙe da Kano, Katsina da Jigawa. Kamfanin Kaduna kuma ya haɗa da Sakkwato, Kabi da Zamfara. Shi ɗan kasuwa lissafi yake yi. In ƙauye na nesa, gidaje kaɗan ne, kuɗin turaku da waya ya fi abin da zai samu, sai ya ce a dakata. Ruga kuwa ai ba a ma zancenta.

Haka manoma da makiyayan Amurka suka sha fama. Wajen 1935, cikin gonaki goma kusan ɗaya ce ke da wuta, alhali birane sun haskaka. Sai gwamnatin Roosevelt ta buɗe hanyar ba su rance, su kuma suka kafa ƙungiyoyin gama kai, kowa ya ba da dala 5 ta shiga, suka kafa turaku da hannunsu. Yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai kusan 900. Nan kusa da mu, Burkina Faso na da nata, ana kiransu COOPEL.

Tsarin ba wuya gare shi ba. Duk mai amfani da wutar mamba ne, ƙuri'arsa ɗaya, ko Alhaji mai injin niƙa ne ko mai cajin waya. Mambobi ke zaɓen shugabanni, su ke yanke farashi. Abin da ya yi saura ba ya tafiya aljihun wani a birni, asusun gari yake komawa. Yanzu da farantan sola suka yi sauƙi, gari na iya haɗa su da batira da janareto na ko-ta-kwana. A Najeriya, tsohuwar dokar hukumar NERC ta 2016 ta ce tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta. Daga nan zuwa megawat 1 kuma ta ce sai da izini. In kamfanin yanki ya iso da wayarsa daga baya, waccan dokar ta tanadi diyya ga masu izini.

Me makiyayi zai samu? Fanfon burtsatse mai shayar da garke, firjin ajiye allurar rigakafin dabbobi, da nonon da zai kwana bai lalace ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Rana kyauta ce, batir ba kyauta ba ne. Bayan ƴan shekaru zai mutu, kuma canza shi kuɗi ne masu nauyi. Garin da ya ce “ai wutarmu ce” ya daina biya, duhu zai koma. Haka in ma'aji ya taɓa asusu: rijiya ta bayar, guga ya hana.

Saboda haka kafin a kafa turke ko ɗaya, a zauna gaban mai gari a rubuta abu huɗu. Kowa ya sa mitar biya-kafin-sha. A ware kuɗin batir daban, sai da sa hannun mutum uku a cire. A tura samarin gari biyu su koyi gyara. Sannan a yanke yadda masu tafiya da dabbobi wata da watanni za su riƙe matsayinsu ba tare da bashi ya taru musu ba.

Mako mai zuwa za mu duba yadda ake lissafin farashin. Allah ya kai mu.