3.4 Dabarun Gano Ra'ayin Marubuci a Tambayoyin Auna Fahimta

A wannan sashe za a duba hanyoyin da ɗalibi zai bi ya gano ra'ayin marubuci idan aka ba shi matani a jarrabawar Hausa ta kammala sakandare, wadda hukumar WAEC da aka kafa a 1952 da hukumar NECO da aka kafa a 1999 suke shiryawa. Abin da ake nufi da ra'ayin marubuci shi ne matsayin da ya ɗauka kan abin da yake magana a kai, ko yabo, ko suka, ko tausayi, ko kuwa tsayawa tsakiya. Irin wannan tambaya ta fi wahala saboda ba a cika rubuta amsarta ƙarara a cikin matanin ba.

Dabara ta farko ita ce lura da zaɓen kalmomi. Alal misali, a shekarar 1808 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci birnin Alƙalawa, wanda kufansa yake cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, aka kuma kashe Sarkin Gobir Yunfa. Wani marubuci zai ce, "Allah ya ba jama'a nasara a Alƙalawa." Wani kuwa zai ce, "Aka rushe Alƙalawa, Gobirawa suka watse." Abu ɗaya ne ya faru, amma na farko yana murna, na biyu yana juyayi. Haka nan wanda ya kira mutum "mai tattali" yabonsa yake yi, wanda ya ce "marowaci" kuwa kushe shi yake yi.

Dabara ta biyu ita ce kula da ƙananan kalmomi irin su "wai" da "ashe" da "kaico" da "amma". Idan marubuci ya ce, "Wai an gyara hanyar kasuwa," to bai gaskata zancen ba. "Ashe" tana nuna mamaki, "kaico" tana nuna takaici. Abin da ya biyo bayan "amma" kuwa shi ne yawanci ainihin matsayin marubuci, na gabanta share fage ne kawai.

Dabara ta uku ita ce gane gatse da habaici. Ɗaliban Sabon Birni da Isa ba baƙi ba ne a wannan fage, domin sun san wasan barkwanci da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, inda ake faɗar magana mai kama da zagi alhali zumunci ake nufi. Marubuci ma yakan juya magana haka. Idan ya ce da malalaci "gwanin aiki", sai ɗalibi ya gwada wannan yabo da sauran jimlolin da ke kewaye da shi, ya ga ko sun dace.

Dabara ta huɗu, wadda ta fi sauran muhimmanci, ita ce ɗalibi ya raba ra'ayinsa da na marubuci. Yaron da ya tashi yana jin tarihin Bawa Jangwarzo a bakin kakanninsa, idan ya sami matanin da ke sukar sarakunan Gobir, zuciyarsa za ta ja shi ga amsar da ta yi masa daɗi. Mai jarrabawa kuwa abin da marubuci ya nufa yake tambaya. Don haka kowace amsa ɗalibi ya zaɓa, ya kamata ya iya nuna jimlar da ta tabbatar da ita.

Bugu da ƙari, ya dace a karanta tambayoyi kafin matani, sannan a sake duba sakin layi na ƙarshe, domin a nan marubuta suka fi fito da matsayinsu. Malamai kuma su riƙa kawo matani biyu masu saɓanin ra'ayi kan batu ɗaya a aji, ɗalibai su ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka bambanta su. Sashe na gaba zai duba yadda za a tsara irin wannan darasi.