Digirin digirgir ga wanda gidansu ba a taɓa shiga jami'a ba: Gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka

Iyayen Inez Beverly na da 'ya'ya 11 a jihar Texas ta Amurka, amma kuɗin da suke da shi na tura mutum ɗaya ne kacal kwaleji. Da farko ɗan'uwanta Leon aka zaɓa, sai shi da kansa ya ce a tura Inez. A 1933 ta samu digirin digirgir daga Jami'ar Cincinnati, kuma ita ake yawan ambatawa a matsayin mace baƙar fata ta farko da ta kai wannan mataki a ilimin halayyar ɗan Adam.

Hanyar ba ta miƙe mata ba. Manyan jami'o'in Texas ba sa karɓar baƙar fata a lokacin, don haka sai da ta tafi Jami'ar Colorado ta yi digiri na biyu, tana koyarwa tana karatu. Daga albashinta ta riƙa taimaka wa ƙannenta su ma su yi karatu. Binciken da ta yi ya kwatanta yara baƙaƙe a makarantunsu na daban da waɗanda ke cuɗanya da Turawa, inda ta ga na farkon sun fi samun kwanciyar hankali a hannun malamai irinsu. Shekara guda bayan kammalawa, Inez Prosser, kamar yadda aka san ta bayan aure, ta rasu sakamakon hatsarin mota a 1934.

Kafin ita akwai Francis Sumner, wanda bai taɓa riƙe takardar kammala sakandare ba. A gida ya yi karatu, ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Lincoln yana ɗan shekara 15, jami'ar da daga baya Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka halarta. A 1920 ya zama baƙar fata na farko a Amurka da ya yi digirgir a fannin, a Jami'ar Clark. Ya shugabanci sashen a Jami'ar Howard daga 1928 har rasuwarsa a 1954, kuma cikin ɗalibansa akwai Kenneth Clark, wanda binciken 'yar tsana da suka yi da matarsa Mamie ya shiga shari'ar da ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954.

Yanzu doka ba ta tare ƙofa, amma har yau baƙaƙen fata 'yan ƙalilan ne cikin masana fannin a Amurka, a ƙasar da suke kusan kashi 13 na al'umma. A ganina babban shingen ba ƙwaƙwalwa ba ce, rashin mai nuna hanya ne.

Ga misali. Mai neman gurbi ba jami'a kawai yake nema ba, wani farfesa ne zai amince ya ɗauke shi. Ana son wasiƙun shaida uku daga malaman da suka san aikinsa, ana kuma son ya taɓa aiki a ɗakin bincike, sau da yawa ba ko sisi. Ɗan farfesa ya ji wannan tun yana cin abinci a gida. Wanda ke aiki a kanti da daddare don biyan haya kuwa, sai ya kusa gamawa yake gane cewa maki mai kyau kaɗai bai isa ba.

Akwai kuma bambancin da kan jefa mutum cikin bashi. Masu PhD galibi ana yafe musu kuɗin makaranta har a ba su ɗan alawus, amma gurbin kaɗan ne. PsyD, wanda ya fi karkata ga duba marasa lafiya, ya fi sauƙin shiga, sai dai yawanci ɗalibi ne ke biya. Karatun kan ci shekara 5 zuwa 7, a ƙarshe a yi shekara guda ta koyon aiki, wadda kwamfuta ce ke haɗa ɗalibi da asibiti, ko da a wata jiha mai nisa. Duk wannan lokacin, gida na jiran ranar da "mai karatu" zai fara turo wani abu.

Fannin ma kansa yana da nasa tabon, domin an daɗe ana amfani da gwajin basira wajen cewa baƙar fata ba shi da kaifin ƙwaƙwalwa. Wannan na cikin abin da ya sa masana baƙaƙe suka kafa ƙungiyarsu a 1968. Sai a Oktoban 2021 babbar ƙungiyar masana fannin ta Amurka, APA, ta nemi afuwa a hukumance.

Akwai tallafi irin shirin McNair na gwamnatin tarayya, mai ɗauke da sunan ɗan sama jannati baƙar fata da ya mutu a kumbon Challenger a 1986, wanda ke shirya 'ya'yan marasa galihu don digirgir. Sai dai a watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ba da gurbi.