Injin Renda Daga Tsofaffin Kayan Saba: Me Za Ka Saya, Me Za Ka Bari?

Yau maganata da ku ce, masu koyon katun da zanen gini na 3D da haɗa bidiyo, musamman wanda laftof ɗinsa ke ɗaukar zafi kamar dutsen guga da zarar ya danna renda.

Bari mu fara da ita kanta rendar. Idan ka gama zana gida ko ɗan katun a manhaja irin Blender, abin da ke hannunka lissafi ne kawai. Sai kwamfuta ta bi ɗigo-ɗigo tana auna inda haske ya faɗi da inda inuwa ta kwanta kafin hoton ya fito. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato minti ɗaya hoto 1,440 ke nan. A ce kowane hoto yana cin minti biyar, ka ga awa 120 ke nan, kwana biyar cur injin bai huta ba, a kan bidiyon minti ɗaya. Nan ne yawancinmu ke sarewa.

Abin daɗin shi ne aikin renda yana rabuwa. Furosesa tana da wasu ma'aikata a cikinta da ake kira kor, kuma kowanne zai iya ɗaukar nasa yankin na hoton, kamar gayya a gona. Laftof ɗin da yawancinmu ke riƙe da shi kor biyu ne ko huɗu, alhali furosesar saba, irin Xeon ta kamfanin Intel, ana samunta da 8 ko 10 ko 14, kuma akwai allon da ke ɗaukar guda biyu a lokaci ɗaya.

To me ya sa suke araha? Manyan cibiyoyin ajiyar bayanai a Amurka da Turai suna sauya injinansu duk bayan 'yan shekaru, su zubo tsofaffin kasuwa dubbai a lokaci guda. Xeon E5-2670, mai kor 8, ta fito a 2012 a kan sama da dala 1,500. Zuwa 2016 ana sayar da ita a eBay ƙasa da dala 100, kuma lafiyarta ƙalau. Haka ya faru da E5-2680 v4 ta 2016, mai kor 14. Ka haɗa biyu, ka samu kor 28 a akwati ɗaya.

Hanya uku ce ake bi. Ta farko, ka sayi sabar kanta, irin Dell PowerEdge R720. Tana da araha, amma an yi ta ne don ɗaki mai AC inda ba mai kwana. Fankokinta ƙanana ne masu ihu, kuma sanya mata babban katin hoto aiki ne. Ta biyu, ka sayi allon China da ake rubuta wa X79 ko X99, ka haɗa da kanka. Yana aiki, sai dai ingancinsa ya danganta da sa'arka. Ta uku, wadda ni nake ba ɗan koyo shawara a kai, ita ce tsohuwar kwamfutar aiki ta ofis: HP Z640 ko Z840, ko Dell Precision T7810 ko T7910. Cikinsu kayan saba ne, amma an gina su ne don su zauna kusa da mutum, ga shiru, ga fawa mai ƙarfi, ga wurin katin hoto.

Yanzu ku buɗe kunne, don nan ake asarar kuɗi. Xeon E5 zuriya huɗu ce. Ta farko da v2 suna hawa soket ɗin LGA 2011, suna cin RAM na DDR3. Su kuwa v3 da v4 soket ɗinsu LGA 2011-3 ne, RAM ɗinsu DDR4. Sunan ya yi kama, amma wannan ba ta shiga gidan waccan. Sannan idan furosesa biyu kake so, sai jerin E5-2600, kuma su zama iri ɗaya. Jerin E5-1600 ita kaɗai take zama. RAM ɗin saba, mai ECC da rajista, yana da araha ne saboda ba ya aiki a allon kwamfutar gida, don haka kada ka saye shi don ka cusa wa tsohuwar kwamfutarka. Kuma waɗannan Xeon ɗin ba su da sashen hoto a cikinsu, dole ka tanadi katin hoto.

Ni ra'ayina, kada ka sauka ƙasa da v3. Dalili shi ne wani tsarin umarni da ake kira AVX2, wanda zuriya ta farko da v2 ba su da shi. Premiere Pro da After Effects, daga siga ta 24, ba sa aiki sai da shi. Wani abin lura kuma, Windows 11 a hukumance ba ta karɓar waɗannan furosesoci, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025. Idan Blender ce sana'arka, Ubuntu kyauta ce kuma tana tafiya sumul a kansu.

Kor mai yawa yana da iyakarsa, kuma gara ka sani tun kafin ka biya. Kowane kor na tsohuwar Xeon bai kai na sabuwar furosesa gudu ba, saboda haka wajen zane da juya abu a allo ba lallai ka ji wani bambanci ba. Na biyu, injin Cycles na Blender yana iya renda da katin hoto, kuma katin NVIDIA RTX mai matsakaicin kuɗi yakan wuce tsofaffin Xeon biyu. DaVinci Resolve ma kati ta fi dogara da shi. To ina amfanin tsohon injin? Shi ne RAM. RTX 3060 tana da gigabait 12, idan aikinka ya fi ƙarfin haka sai ta fara wahala, alhali tsohon injin zai ɗauki gigabait 64 ko 128 a kuɗi kaɗan. Shi ya sa na fi son a fara da furosesa ɗaya, RAM gigabait 32, da SSD, ragowar kuɗin a zuba a kati. Furosesa ta biyu ta jira sai aiki ya nema.

Sai maganar wuta, wadda masu bidiyon YouTube na waje ba sa damuwa da ita kamar mu. E5-2680 v4 guda ɗaya wat 120 ce, biyu 240, kafin ka sa kati da fanka da allo. A ce injin yana jan wat 400, awa goma yunit huɗu ke nan, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A a Najeriya zuwa sama da naira 200 kan kowane yunit. Mai janareto ya lissafa fetur, mai sola ya duba ƙarfin inbata da batir. Ka sa kuɗin UPS da sitabilaiza cikin kasafi tun farko. Kuma ka saba da fitar da renda hoto-hoto maimakon bidiyo guda, ta yadda in an ɗauke wuta a hoto na 900 za ka ci gaba daga na 901. Zafin bazara da ƙurar hunturu su ma abokan gaba ne. Ka sauya man da ke tsakanin furosesa da masanyayinta, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka riƙa bushe ƙurar a kai a kai.

Idan za ka saya, ko a Computer Village na Ikeja ne ko a kasuwar garinku, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Buɗe CPU-Z, kyauta ce, ka ga ainihin sunan furosesa da yawan RAM. Saka renda ta yi ko da rabin awa kana kallon zafin. Mai kayan da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Kada wani ya raina Blender don kyauta ce. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ita aka yi shi, kuma ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun a 2025. Idan kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku uku ko huɗu ku haɗa ku sayi inji guda, kowa ya yi zanensa a laftof ɗinsa, a riƙa renda bi da bi.

Nan zan dakata. Wanda ya ga inji a kasuwa yana kokwanto, ya turo lambar furosesar da sunan allon, mu duba tare kafin ya fitar da kuɗi.