Bénin: Takardar likita ce ke kare ma'aikaci daga kora

A Parakou da Djougou, Hausawa da dama na aiki a shaguna da kamfanonin sufuri. Idan ɗayansu ya kwanta rashin lafiya, sau da yawa yakan aika saƙon baka ga maigida, ko ya yi magani a gida. Daga nan rigima ke farawa: maigida ya ce ma'aikaci ya bar aiki ba izini, ya sallame shi.

Dokar ƙwadago ta Bénin, mai lamba 98-004 ta 27 ga Janairun 1998, ta tanadi cewa rashin lafiya yana dakatar da kwantaragin aiki ne na ɗan lokaci, ba ya soke shi. Sharaɗin shi ne likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar da ciwon a rubuce. Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya miƙa takardar da wuri, ya ajiye kwafinta, ya kuma nemi shaidar cewa an karɓa.

Wanda aka kora yakan fara kai ƙara ga sufeton aiki, wanda zai gwada sasanta su. In sulhu ya gagara, sai kotu, kuma garuruwan biyu duk suna da ita.

Dokar 2017-05 ta 29 ga Agustan 2017 ta iyakance diyyar korar zalunci tsakanin albashin wata 3 zuwa wata 9. Wanda ba shi da takardar albashi ko rajistar CNSS, zai sha wuya kafin ya tabbatar da nawa ake biyansa.