Na'urar da ke tambayar aikinta da kanta

Saƙon imel ɗin da ka buɗe ɗazu, daga wata cibiyar adana bayanai ya taso: ƙaton gini cike da kwamfutoci jere a kan kantoci. Abin da ke haɗa su wata na'ura ce mai ramukan waya da yawa, ana ce mata suwic. Ita ke karɓar bayani ta miƙa shi inda aka nufa. Babbar cibiya kan tara ɗaruruwansu.

A da, in an sayo sabuwa, sai injiniya ya jona mata kwamfutarsa, ya tsaya cikin sanyi da ƙarar fankoki yana buga umarni layi-layi. Guda ɗaya ba komai. To guda 200 fa? Gajiya ta sa ya kuskure lamba ɗaya, sai a kwana ana laluben matsalar.

Yanzu akwai tsarin da ake kira ZTP, wato saiti ba tare da sa hannu ba. Kai dai ka ɗaura ta a kanta, ka jona waya, ka kunna. Da ta farka ta ga ba ta da saiti, sai ta yi shela a layin sadarwa tana neman adireshi. Wata kwamfuta mai aikin rabon adireshi, ta tsarin DHCP, za ta amsa. Irin wannan tsarin ne ma ke ba wayarka adireshi in ka hau Wi-Fi. Sai dai a nan amsar tana zuwa da ƙari: ga inda za ki ɗauko umarninki. Suwic ɗin ta je ta sauke, a gane ta da lambar da masana'anta ta ba ta, a ba ta manhajar da ta dace da saitinta, ta sake tashi ta kama aiki. Cisco na kiran nasa POAP. Akwai kuma ONIE, wanda Cumulus Networks ta ƙirƙira, mai ba suwic damar ɗauko manhajar gudanarwarta gaba ɗaya ta wannan hanya.

Amma ka lura da wani abu: sabuwar suwic ba ta san kowa ba. Wanda ya riga amsawa, shi take bi. In mugu ya samu kafa a layin ya riga kwamfutar gaskiya, umarninsa za ta sauke, duk bayanin da ya ratsa ta kuma yana hannunsa. Ba tatsuniya ba ce: a Maris ɗin 2019 Cisco da kansa ya shawarci masu na'urorin Nexus da su kashe POAP in ba sa amfani da shi.

A Afrilun 2019 hukumar IETF ta fitar da ƙa'idar RFC 8572. A ƙarƙashinta, tun daga masana'anta ake dasa wa suwic shaidar da za ta tantance mai ba ta umarni. In hatimin bai dace ba, ta ƙi karɓa, ta ci gaba da tambaya.